Fataken Kano da cinikin gyaɗa

Cinikin gyaɗa shi ne ya riƙe tattalin arzikin Arewacin Nijeriya daga wajen 1912 zuwa farkon shekarun 1970. Masana tarihin tattalin arziki kan kafa misali da shi wajen nuna yadda ƴan kasuwar gida, da jarinsu da sanin jama'arsu, kan buɗe wa ƙasa ƙofar arzikin da hukuma ba ta tsara ba.

Asali

Tun kafin zuwan Turawa Kano garin fatauci ne, kuma ana danganta kafa Kasuwar Kurmi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi suna a fataucin goro. Ayari kan tashi a ƙarƙashin madugu, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, a nufi Gwanja da ke arewacin Ghana ta yau, sai bayan watanni a dawo da goro. Babban abin da wannan tafiya ta gadar shi ne tsarin amana: maigida ya ba yaronsa haja ko kuɗi, yaron ya shiga ƙauyuka ya juya, a yi lissafi in ya dawo.

Zuwan jirgin ƙasa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka soma jigilar kaya sosai a 1912. Auduga Turawan mulki suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila. Lissafin bai fita ba, saboda masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai na neman man gyaɗa don yin sabulu da man shafawa a burodi.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, ba su jin harshe, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Fataken goro kuwa sun san duk wannan. Su suka karɓi kuɗin kamfanoni suka raba wa yaransu, yaran suka bi gari-gari suna ba manoma bashin gishiri da yadi da kuɗi, a biya da gyaɗa da kaka. Shi ma manomi ya yi nasa lissafin: gyaɗa tana zama a gona ɗaya da gero da dawa, tana biyan harajin da aka ce sai da tsabar kuɗi, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta a gida, mata su yi mai da ƙuli-ƙuli. Auduga ba ta ciyuwa. Gyaɗar da Nijeriya ke fitarwa, wadda a da ba ta wuce tan dubu ɗaya ko biyu a shekara, ta kai kusan tan 19,000 a 1913.

Alhassan Ɗantata

Cikin attajiran da suka shiga harkar akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, amma wanda ya fi shahara shi ne Alhassan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji wajen 1877. Da goro ya fara, har yana ɗauko shi daga Akra zuwa Legas ta jirgin ruwa. Wajen 1918 ya soma saya wa Niger Company, wani kamfanin Turawan Ingila, gyaɗa. Ana cewa kayan raƙuma ashirin na tsabar azurfa ya kai ajiya a reshen bankin Turawa na Kano. Ana kuma danganta masa dalar gyaɗa, wato jera buhuna kimanin 15,000 a tsibi ɗaya kafin jirgi ya kwashe. Ya rasu a 1955.

Rabon riba

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda ke yanka farashi ƙasa da na kasuwar duniya tana tara rarar. Wasu na ganin rarar ta gina Arewa, wasu na ganin an ƙwari manomi.

Durƙushewa

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Jarin gidajen attajiran ya koma sufuri da gine-gine da masana'antu. Aliko Ɗangote, wanda ya fara kasuwanci a 1977, tattaɓa-kunnen Ɗantata ne ta wajen uwa.