Kwamfuta ta ƙi tashi? Kada ka yi saurin goge ta

Da zarar kwamfuta ta tsaya a baƙin allo mai ɗauke da "grub rescue", sai ka ji an ce faifan ajiya ya mutu, sai an goge komai. Sau da yawa ba haka ba ne.

'Yar manhajar da ke nuna wa na'ura inda Windows ko Linux yake, wato GRUB, ita ce ta ɓata. A tsohon tsarin faifai da ake kira MBR, tushenta yana cikin baiti 512 na farkon faifai, kuma ɗora Windows daga baya kan take GRUB ɗin da ke wurin. Galibi hotunanka da takardunka suna nan daram.

Ka tayar da ita da filashin da aka ɗora wa Linux, ka kwashe fayilolinka tukuna, sannan ka gyara da umarnin grub-install, mai sake ɗora GRUB.