Idan aka ƙwace ma'adinan Turawa, me ke biyo baya?

Tun da sojojin Nijar suka mayar da Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyam na Arlit, hannun gwamnati a watan Yunin 2025, muhawara ba ta lafa ba a teburin mai shayinmu a Anka. Wani maƙwabcina da ya shekara da shekaru yana wankin ƙasa neman zinariya a Bagega ya tsare ni da tambayoyi.

Malam, Janar Tchiani ne ya fara wannan?

Ina! Bolibiya ta yi bayan juyin juya halin 1952, ta karɓe ma'adinan kuza daga manyan gidaje uku, Patiño da Hochschild da Aramayo. Kuba ta karɓe ma'adinan nikel na Amurkawa a 1960. Ko a nan gida, Obasanjo ya ƙwace kadarorin BP, kamfanin man Birtaniya, a 1979.

To, ba sata ba ce?

A dokar ƙasa da ƙasa, gwamnati na da ikon karɓe dukiyar da ke ƙasarta, muddin don amfanin jama'a ne kuma za a biya diyya. Rigimar duk a kan diyyar take. Dubi Chile. Ranar 11 ga Yulin 1971 majalisarta ta amince da ƙwace jan ƙarfe daga kamfanonin Amurka, Anaconda da Kennecott. Shugaba Allende, wanda zaɓe ya kawo shi ba bindiga ba, ya ce kamfanonin sun daɗe suna cin ribar da ta wuce kima, sai a cire ta daga diyyar. Da aka gama lissafi, manyan ma'adinan ba su tashi da komai ba. Kennecott ba ta haƙura ba, ta bi jiragen ruwan da ke ɗauke da jan ƙarfen har kotunan Turai tana neman a tsare kayan. A 1973 Pinochet ya kifar da Allende, daga baya ya biya kamfanonin, amma abin mamaki bai mayar musu da ma'adinan ba. Har yau Codelco, kamfanin da ke riƙe da ma'adinan, na gwamnati ne.

Wa zai sayi kayan bayan an ƙwace?

Nan kake ji. Kai ka san zinariya: ko ka tara a gwangwanin tumatir, sai dillali ya auna ya biya. Yuraniyam ya fi haka wuya, masu saye 'yan kaɗan ne, kuma Orano ta Faransa, wadda ke da kashi 63 cikin ɗari na Somaïr kafin a ƙwace, ta kai ƙara kotun sasanci. Mali ma ta kama kusan tan 3 na zinariyar Barrick, kamfanin Kanada, a Janairun 2025, ma'adinansa na Loulo-Gounkoto suka tsaya cik na watanni.

Me zai hana a ƙwace namu na Zamfara?

Daga hannun wa? Sashe na 44(3) na tsarin mulki ya riga ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Ita ce ta hana haƙa a jihar a Afrilun 2019, ta ɗage a Disamban 2024, kuma a tsakani ramuka ba su taɓa zama babu mutane ba. Da na faɗa masa haka, sai ya kurɓi shayinsa ya ce shi dai a Bagega, tun bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara ɗaruruwa, bai ga Bature a bakin rami ba, masu bindiga yake gani suna karɓar kasonsu.