Waiwaye: Yadda Ɗakin Cin Abincin Sufaye Ya Zama Wurin Yankan Tikiti

Har yau ana ta muhawara a Italiya kan yadda ake shiga kallon zanen Jibin Ƙarshe na Leonardo da Vinci, wato hoton cin abincin ƙarshe na Almasihu da almajiransa, da ke bangon ɗakin cin abincin sufayen Kirista a Milan. Sai mutum ya kama tikiti tun da wuri, a shigar da shi ta ƙofofi masu tace iska, bayan minti 15 a ce ya fita. Wasu na cewa an ƙuntata wa jama'a, wasu na cewa numfashi da ƙurar baƙi ne ke cinye bangon.

Maganar ta samo asali da nisa. Tun ƙarni na 14 Taddeo Gaddi ya zana wannan jibi a ɗakin cin abincin gidan sufaye na Santa Croce a birnin Florence, Ghirlandaio ya yi nasa a gidan sufaye na Ognissanti a 1480. A kan ɗanyen yaɓe suke zane, launi ya kama jikin bango. Leonardo kuwa, wanda ya kammala nasa a 1498, a busasshen bango ya yi, shi ya sa ya fara ɓarewa da wuri. Ƙofar da aka fasa a ƙasansa a 1652, bam ɗin da ya faɗa wa ginin a 1943, gyaran da aka gama a 1999, duk an sha ba da labarinsu.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ƙarni na 19, lokacin da aka rufe gidajen sufaye da yawa, musamman bayan dokar Italiya ta 1866 da ta soke ƙungiyoyin sufaye. Kafin nan, don masu cin abinci aka yi zanen. Sufaye na zaune a jere jikin bango, ba mai cewa uffan, ɗaya na karanta littafi mai tsarki daga mumbari, in ka ɗaga kai daga akushinka ga Almasihu da almajiransa a nasu teburin.

Dubi gidan sufaye na Sant'Apollonia a Florence. Wajen 1447 Andrea del Castagno ya yi wa mata sufaye masu zaman kulle nasu zanen. Sama da shekara 400 kusan su kaɗai ke ganinsa, kullum, a kan burodi da miya. Da suka bar gidan, masana suka shigo, aka mai da ɗakin gidan tarihi a 1891. Abin da ke taɓa ni shi ne teburan da aka kwashe: mai zanen ya auna komai don idon wanda ke zaune, yau kuwa a tsaye ake kallo, ana duba agogo.