Ƙwannafi da Matsalolin Ciki Yayin Doguwar Jinya da Magungunan Antibayotik

Ƙwannafi shi ne zafi ko ƙuna da mutum ke ji a ƙirji, daga bakin ciki zuwa maƙogwaro, idan ruwan tsami da tumbi ke samarwa domin narkar da abinci ya koma sama ya shiga bututun da abinci ke bi. Shi da tashin zuciya da kumburin ciki da gudawa suna cikin koke-koken da ma'aikatan lafiya suka fi ji daga majinyatan da aka ɗora a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, wato antibayotik, na tsawon makonni ko watanni. Mafi yawan waɗannan matsaloli ba su da hatsari a karan kansu. Hatsarin yana fitowa ne daga abin da majinyaci ke yi a kansu, domin wani yakan ajiye maganin tun kafin wa'adi ya cika, wani kuma yakan haɗa shi da abin kwantar da ciki wanda ke hana jiki cin moriyarsa.

Cututtukan da ke buƙatar doguwar jinya

A jihohin Bauchi da Gombe, tarin fuka ne kan gaba. Maganinsa wata 6 ne: wata 2 na farko ana haɗa rifamfisin da isoniyazid da firazinamaid da etambutol, sauran wata 4 kuma a ci gaba da biyun farko kaɗai, kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin DOTS, wato wuraren da ake ba da maganin tarin fuka ƙarƙashin sa idon ma'aikatan lafiya, tun daga ƙananan asibitocin sha-ka-tafi har zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kuturta tana ɗaukar wata 6 ko 12 gwargwadon nau'inta. Cutar bakkale, wadda makiyaya da mahauta ke ɗauka daga dabbobi ko daga madarar da ba a dafa ba, tana buƙatar doksisaikilin na mako 6 tare da wani magani. Haka nan masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da yawa suna shan antibayotik ɗin Septrin kullum domin kariya.

Yadda magani ke taɓa ciki

Hanya ta farko ita ce ƙuna kai tsaye, kuma doksisaikilin ne ya yi ƙaurin suna a nan. Kafsonsa yana da danƙo idan ya jiƙe, abin da ke cikinsa kuma yana da tsami mai ƙarfi. Mutum ya tashi sahur, ya jefa kafso a baki ya kora da kurɓi ɗaya na ruwa, ya yi sallar asuba ya koma shimfiɗa. Kafson bai kai tumbi ba, ya maƙale a tsakiyar ƙirji ya narke a wurin. Kafin la'asar sai ya ji ko yawu ya haɗiya kamar an caka masa allura a ƙirji. Wannan gyambo ne a bututun abinci, kuma abin da ke hana shi bai wuce cikakken kofi na ruwa da zama a miƙe na aƙalla minti 30 bayan shan maganin ba. Tetarasaikilin da kilindamaisin ma suna yin haka.

Hanya ta biyu ita ce motsa tumbi. Eritromaisin yana kwaikwayon wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen matsa tumbi da hanji, shi ya sa yake kawo murɗa da tashin zuciya. Flagyl kuwa yana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, abinci ya fita daga ran mutum.

Ta uku ita ce ta hanji. A cikin babban hanji akwai ɗimbin ƙwayoyin bakteriya masu amfani, kuma antibayotik ba ya tantance na gida da baƙo. Idan masu amfanin suka ragu, sai a samu iska da kumburi da sakin ciki, kamar yadda aka saba gani da Augmentin. Wani lokaci wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile takan samu fili ta yaɗu, ta haddasa gudawa mai tsanani da zazzaɓi, ko da bayan an gama shan maganin da makonni.

Kuskuren haɗa magunguna

Abin da mai ƙwannafi ya fi saurin yi shi ne ya leƙa kemis ya sayi farin maganin olsa mai kama da madara, ko ƙwayoyin da ake taunawa. Waɗannan suna kwantar da zafin cikin mintuna, amma suna ɗauke da maganiziyom ko alminiyom ko kalsiyom, waɗanda ke kama wasu magungunan antibayotik tun a cikin hanji su dunƙule da su, jiki ya kasa tsotsarsu, su fita tare da bayan gida. Sifurofuloksasin da lebofuloksasin da dangin tetarasaikilin ne suka fi faɗawa wannan tarko. Majinyaci yana shan maganinsa kullum bai taɓa tsallakewa ba, alhali abin da ke isa jininsa bai kai ya kashe cutar ba, sai dai ya koya mata jure wa maganin. Ƙa'idar sifurofuloksasin ita ce a sha shi awa 2 kafin maganin olsa, ko awa 6 bayansa. Etambutol yana son tazarar awa 4 tsakaninsa da mai alminiyom. Dolutegirabir, wanda yawancin masu cuta mai karya garkuwar jiki a Najeriya ke sha, ba antibayotik ba ne, amma shi ma ƙa'idar awa 2 da awa 6 ta hau kansa. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu da ƙwayar zinki ma suna yin irin wannan kamu.

Nono da kindirmo da madarar shayi suna da kalsiyom, don haka kora sifurofuloksasin ko tetarasaikilin da fura da nono kuskure ne, duk da cewa kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara abinci ne mai sauƙi ga ciki idan an ba da tazara. Sai kuma kanwa, wadda tun kaka da kakanni ake jiƙawa a sha idan ƙwannafi ya taso. Gaskiya ne tana kashe tsami, amma ba ta da ma'auni, tana cika ciki da iska, kuma gishirin sodiyom da ke cikinta ba ya yi wa mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya daɗi. Mai shan maganin watanni ya fi dacewa ya bar ta.

Omefirazol da danginsa suna aiki ta wata hanya dabam: suna rage samar da ruwan tsamin tun daga tushe, ba sa kuma dunƙulewa da antibayotik, shi ya sa likitoci suka fi zaɓar su idan ƙwannafin ya zama na kullum. Ana shan sa da safe, kimanin minti 30 kafin karin kumallo, kuma yana ɗaukar 'yan kwanaki kafin amfaninsa ya cika. Yana da nasa cikas. Rifamfisin yana sa hanta ta yi saurin narkar da shi, ƙarfinsa ya ragu. Yana ƙara yiwuwar kamuwa da waccan gudawa ta Clostridioides. Shan sa na shekaru kuma yana iya rage bitamin B12 da maganiziyom a jiki. Famotidin wani zaɓi ne, musamman tun da aka janye ɗan'uwansa ranitidin daga kasuwannin ƙasashe da dama a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa.

Abinci da kwanciya

Maganin tarin fuka ya fi shiga jiki idan ciki ba komai, amma idan tashin zuciya ya yi yawa, jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya sun yarda a sha shi da ɗan abinci mara maiƙo ko kuma dab da barci, domin hakan ya fi a daina. Ɗan koko mara madara ya isa. Doksisaikilin da Augmentin kuwa da abinci suka fi zama lafiya.

Maiƙo yana sassauta murfin da ke tsakanin tumbi da bututun abinci, yana kuma jinkirta narkewa, don haka masar Bauchi da aka tsamo daga tanda tana naso aka barbaɗe da yaji, ko tsire da balangu da daddare, suna cikin abin da ke tayar da ƙwannafi, ko da yake ba kowa suke tayar wa ba. Goro da shayi mai kauri da taba suna ƙara tsananta shi. Cin kaɗan-kaɗan ya fi a cika ciki da tuwo sau ɗaya, sannan a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. Ɗaga kan gado da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20 ya fi tara matasai, kwanciya a gefen hagu kuma tana rage komowar ruwan. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da asfirin, waɗanda leburori da 'yan acaɓa ke saya a faranti a tashar mota, suna cinye kariyar bangon tumbi, kuma su ne ke mayar da ɗan zafin ciki ya zama gyambo mai zubar da jini.

Alamomin da ba na ƙwannafi ba

Uku daga cikin magungunan tarin fuka, wato isoniyazid da rifamfisin da firazinamaid, suna iya taɓa hanta, kuma alamun farko sun yi kama da na ɓacin ciki: rashin cin abinci, amai, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama. Fitsari ja ko ruwan lemo daga rifamfisin ne kuma ba komai ba ne, amma idan farin ido ya koma rawaya, shawara ce, kuma a nan ana dakatar da maganin a garzaya asibiti a ranar domin a auna hanta. Aman jini, da baƙin bayan gida mai kama da kwalta, da abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, da gudawa mai jini ko zazzaɓi duk suna buƙatar likita cikin gaggawa. Mai irin wannan gudawa ya sha ruwan gishiri da sukari, kada ya sha maganin tsayar da ita.

Wani zafin cikin kuma ya riga antibayotik ɗin zuwa. Ƙwayar Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostireliya Barry Marshall da Robin Warren suka gano a 1982, har suka samu kyautar Nobel a kanta a 2005, ta yaɗu ƙwarai a arewacin Najeriya, kuma ita ce babban sanadin gyambon ciki. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, amma gwajin yakan ba da sakamakon ƙarya idan an yi shi kafin a cika mako 4 da gama antibayotik, ko mako 2 da barin omefirazol.