WebView

WebView fasaha ce da ke ba manhaja damar nuna shafin intanet a cikinta, ba sai mutum ya fita zuwa burauza ba. Ɗalibin da ke zaune a Katsina ya latsa mahaɗin labari a Facebook, shafin ya buɗe nan take bai bar manhajar ba, to irin wannan fasahar ce ta yi masa aiki.

Injina biyu ne a ciki. Ɗaya yana karanta HTML da CSS, yarukan da ake tsara shafin intanet da su, ya jera rubutu da hotuna a fuskar waya. Ɗayan kuma yana gudanar da JavaScript, yaren da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, wanda shi ke sa maɓalli ya amsa idan an taɓa shi. A Chromium na Google, wato tushen da aka gina burauzar Chrome a kansa, injinan da ke wannan aiki su ne Blink da V8. A wayoyin Apple kuwa WebKit da JavaScriptCore.

Da farko WebView na Android a kan WebKit aka gina shi, kuma ba ya sabuntuwa sai an sabunta tsarin wayar gaba ɗaya. A 2013, da fitowar Android 4.4, aka mayar da shi kan Chromium. Daga Android 5.0 a 2014 aka ware shi da sunan Android System WebView, ana sabunta shi ta Play Store. A shekarar ce kuma Apple ya fitar da nasa sabon WebView mai suna WKWebView. A kwamfuta akwai Electron, kayan aikin gina manhaja da shafukan intanet, wanda kamfanin GitHub ya fara a 2013, aka gina manhajojin Visual Studio Code da Discord a kansa.

Abin da ya sa masu gina manhaja ke ƙaunarsa shi ne sauƙi: a rubuta shafi ɗaya, ya yi aiki a Android da iPhone da kwamfuta. Ga matashin da ke koyon sana'ar a Katsina ko Daura, wanda bai da kuɗin ɗaukar ma'aikata, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Sai dai yana da ci. Kowace manhajar Electron da nata Chromium take tafe, shi ya sa tsohuwar kwamfuta ke nishi idan an buɗe biyu ko uku. Akwai kuma gadar da ke haɗa JavaScript da cikin waya. Idan aka yi sakaci da ita, mugun shafi na iya kaiwa ga abin da bai kamata ba.

A watan Maris na 2021 wata sabuntawa ta WebView mai kuskure ta sa manhajoji da yawa, har da Gmail, suka riƙa rufe kansu a wayoyin Android, sai da Google ya fitar da gyara. Shi ya sa mai gyaran waya da ya san aikinsa, idan aka kawo masa wayar da manhajojinta ke mutuwa da an buɗe, yakan fara duba WebView kafin ya ce a goge komai.