Tseren Caballo Blanco na Urique

Tseren Caballo Blanco gasa ce ta gudun dogon zango da ake yi duk shekara a farkon watan Maris a garin Urique, cikin jihar Chihuahua da ke arewacin Meziko. Tsawonsa kimanin kilomita 80 ne, a kan turbar ƙafa mai hawa da gangara cikin kwazazzaban Barrancas del Cobre. An kafa shi ne domin 'yan ƙabilar Rarámuri, mazauna duwatsun yankin, kuma ladan da ya fi yi musu amfani a cikinsa masara ce.

Mutanen Rarámuri

Rarámuri, waɗanda wasu ke kira Tarahumara, ƙananan manoma ne. Suna shuka masara da wake da kabewa, suna kiwon awaki, gidajensu kuma a warwatse suke tsakanin tsaunuka, ta yadda zuwa gona ko ziyarar dangi kan ci sa'o'i a ƙafa. Gudu a jininsu yake. A wasan rarajípari, maza kan rabu gida biyu, kowane ɓangare yana cilla ƙwallon itace da ƙafa yana bin ta a guje, wani lokaci har dare ya raba. Mata suna da nasu, ariweta, inda ake jefa zobe da sanda. Takalminsu tafin tsohuwar taya ne da igiyar fata da ake naɗewa a idon sawu, guzurinsu kuwa pinole, garin gasasshiyar masara da ake damawa da ruwa.

Talauci ya yi wa yankin katutu. Masu saran itace sun ci dazuzzuka, masu fataucin ƙwaya sun kori iyalai daga gonakinsu, ga kuma fari, irin wanda aka yi a 2011 da 2012, da ya jefa ƙauyuka da dama cikin yunwa.

Yadda aka fara

A 1993 wani ɗan Rarámuri da ya haura shekara 50, Victoriano Churro, ya lashe tseren mil 100 na Leadville a jihar Colorado ta Amurka, sanye da takalmin taya. A 1994 wani ɗan Rarámurin, Juan Herrera, ya ɗauki kambun. A can ne wani Ba'amurke, tsohon ɗan dambe mai suna Micah True, ya san su. Daga baya ya riƙa zama a cikin kwazazzaban, inda aka san shi da laƙabin Caballo Blanco, wato Farin Doki. Shawarar da ya yanke ita ce maimakon a riƙa kwasar 'yan tsere ana kai su waje ana nuna su, baƙi su zo su same su a gida. Ya shirya tseren farko a 2003.

A 2006 Arnulfo Quimare, ɗan Rarámuri, ya riga Scott Jurek, ɗaya daga cikin gwanayen Amurka na lokacin, isa ƙarshe. Littafin Born to Run na Christopher McDougall, da ya fito a 2009, ya ba da labarin wannan karawa, shi ya sa sunan Urique ya zaga duniya. True ya rasu a watan Maris na 2012 yana cikin gudu a dajin Gila na jihar New Mexico, aka ci gaba da tseren da laƙabinsa.

Amfanin da ake samu

Ana ba waɗanda suka zo kan gaba kuɗi, amma hikimar tsarin tana wajen masarar. A tsarin da True ya kafa, duk wanda ya kammala tseren yana samun takardar karɓar masara fiye da kilo 200, ko da shi ne na ƙarshe. Baƙin da suka zo daga waje kan bar nasu kason ga mutanen yankin. Wannan ya dace da kórima, al'adar Rarámuri ta mai shi ya ba marar shi ba tare da gori ba, don haka buhun da mutum ɗaya ya samu da guminsa gidaje da yawa ke ci. Lokacin ma ya yi daidai: Maris rani ne a can, hatsin bara ya fara ja baya, na bana ba a shuka ba. Kyautar kuɗi mai tsoka mutum uku ko huɗu take amfana. Masara kuwa tana kaiwa ga tsohuwar da ba ta taɓa zuwa Urique ba.

Garin ma yana samun nasa. A makon tseren masu masauki, masu abinci, direbobi da mata masu saƙa kwanduna suna yin cinikin da ba sa gani a sauran watanni. Ana kuma shirya ƙaramin tsere na yara.

Ga 'yan wasan, shaharar gudun Rarámuri ta buɗe musu ƙofar gasanni a wasu wurare. Lorena Ramírez ta lashe tseren kilomita 50 a jihar Puebla a 2017, da dogon siket da takalmin roba, daga nan aka fara gayyatar ta har Turai.

Iyakar abin

Bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba. Cinikin mako guda ba ya riƙe gida shekara, masarar tsere kuma ba ta maido wa manomi gonar da aka ƙwace. Abin takaici ne yadda kamfanonin takalma suka ci kasuwa da labarin gudun Rarámuri, alhali masu gudun kansu da yawa suna nan cikin rashi. Rashin tsaro ma yana iya rusa komai dare ɗaya: a 2015 an soke tseren ana gab da farawa, saboda rikicin 'yan bindiga a kewayen Urique, bayan ɗaruruwan 'yan tsere sun riga sun iso garin. An dawo da shi a shekarun da suka biyo baya.