Ros Beiaard: Dokin Bikin Garin Dendermonde

Ros Beiaard wani ƙaton doki ne da aka ƙera da katako, wanda ake fitowa da shi zagayen gari sau ɗaya a kowace shekara goma a Dendermonde, wani gari da ke lardin Filandas ta Gabas a ƙasar Beljiyam. Akwai irinsa a Mechelen da Ath, amma na Dendermonde ya fi su suna.

Asalin bikin tatsuniya ce ta zamanin Sarki Sharlaman game da 'ya'yan Aymon su huɗu, waɗanda suka saɓa da sarki suka tsere a kan doki guda mai ƙarfin ban mamaki. Da aka zo sulhu, sarki ya ce sai dai a halaka dokin. Aka ɗaura masa duwatsun niƙa aka jefa shi a ruwa, a inda mutanen garin ke cewa nan ne mahaɗar kogin Dender da na Scheldt. Dokin ya yi ta tasowa, sai da ya ga ubangidansa Reinout, ɗaya daga cikin 'ya'yan Aymon, ya kau da kai don ba zai iya kallo ba, sannan ya saki jiki ya nutse.

Tsayin dokin ya kai mita 4.85, nauyinsa kuwa kilo 800 ne tun kafin a hau shi, kuma an sassaƙa kansa da itace tun wajen shekarar 1600. Ba a tura shi a kan taya. 'Yan wata tsohuwar ƙungiyar 'yan dako da ake kira Pijnders ne ke shiga ƙarƙashinsa su saɓa shi a kafaɗa, mutum goma sha biyu a lokaci guda, rukuni uku suna karɓa-karɓa, mai goge yana gaba yana ba su amon tafiya. Gwanintarsu ta fi fitowa a dandalin tsakiyar gari, inda ake buɗe wa dokin wuta da bindigogin biki, su kuma su ɗaga gabansa sama kamar ya yi tsaye da ƙafafun baya, ga yara huɗu masu wakiltar 'ya'yan Aymon cikin sulke a bayansa.

Zaɓen waɗannan yaran shi ne abu mafi wuya. Wajibi ne su kasance maza huɗu 'yan uwa da aka haifa a jere ba mace a tsakaninsu, masu shekara 7 zuwa 21, haifaffun Dendermonde su da iyayensu da kakanninsu.

Waƙar da jama'a ke rerawa a ranar tana ɗauke da zolaya ga mutanen Aalst, garin da ke maƙwabtaka da su, wai suna jin haushi don dokin ba nasu ba ne. Hukumar UNESCO ta amince da wannan al'ada a 2005 tare da sauran bukukuwan ƙattin gumaka na Beljiyam da Faransa. Fitowar da aka shirya a 2020 annobar korona ta hana ta, sai a watan Mayun 2022 aka yi.